Madugu a Baya Yake Tafiya: Wasiƙa ga Direbobin Zuru Masu Lodin Ikko

Zuwa ga ƙannena direbobin manyan motoci da yaransu,

Mai rubuto muku wannan takarda tsohon abokin sana'arku ne. Da karen mota na fara, ina wanke gilashi ina sa wa taya waigi, har ranar da maigidana ya miƙo mini makulli. Yanzu ido da gwiwa sun ce in zauna, na kuwa zauna, amma a bakin tasha. Daga nan nake ganin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Motoci biyar za su gama lodi tare, a ɗaga hannu a yi addu'a tare, a tashi tare, amma kafin a kai Rijau kowa ya kama gabansa. In an tambaye ku, sai ku ce a ayari kuka tafi.

Bari in tuna muku masu wannan kalma. Fataken da suka yi safarar goro daga Gwanja sukan taso daga Kano da Sakkwato da Jega, su ƙetare Kwara a Yawuri ko Ilo ko Busa, su ratsa ƙasar Bargu har kasuwar Salaga. Suna kai kanwa da rinannun tufafi da jar fata da gabu, su juyo da huhunan goro a kan jakuna. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida, wani lokaci shekara guda. A 1826 Baturen nan Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama, mutum wajen dubu maza da mata, da dabbobi kamar haka. Taro irin wannan ba ya tafiya da ka. Akwai jagaba mai nuna hanya, akwai uban dawaki, akwai malamin ayari mai rubutu da addu'a. Madugu kuwa, uban tafiya, a baya yake, domin idonsa ya kasance a kan jakin da ya gaji da matar da ƙaya ta soke.

Bayan Turawa sun ci Kumasi a 1874, yaƙin basasa kuma ya watsa Salaga a 1892, sai ciniki ya karkata bakin teku. Alhassan Dantata na cikin waɗanda suka fara ɗoro goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Jaki ya huta, amma tafiyar Kurmi ba ta mutu ba. Ku ne kuka gaje ta, da tirela maimakon jaki.

To, abu na farko: kafin a murza makulli, a san wane ne madugu, kuma motarsa ce ta ƙarshe. A sa mai tsohuwar mota ko sabon hannu a tsakiya, gudun ayari ya zama gudun wanda ya fi kowa rauni. Na koyi wannan da hawaye. Wata shekara, da shanu a bayana, ƙarfen sifirin ya karye mini tsakanin Bokani da Mokwa, rana ta yi ja. Abokan tafiyata uku sun riga sun yi nisa, kowa na son ya riga wani sauke kaya. Motar ta karkace, shanun suka zube gefe guda. Wani bijimi ya durƙusa, 'yan uwansa na taka shi, ɗan rakiya ya shiga tsakaninsu yana jan jelarsa yana kuka kamar yaro. Wani dattijon direba da ban taɓa gani ba, ya fito daga kudu ba kaya, shi ya tsaya. Ya ciro jak da sarƙa, ya kwanta ƙarƙashin motata da tocila a baki har tsakar dare. Da na miƙa masa kuɗi, ko kallonsu bai yi ba. Tambayata kawai ya yi ina 'yan ayarina. Har yau ban sami amsar da zan ba shi ba.

Abu na biyu, ku yi lodi da tunanin inda za ku sauke. Kuna barin Zuru iska a bushe, leɓe na tsagewa, amma da kun ƙetare gadar Jebba kun wuce Ilori, jiki zai fara danƙo. Damina takan sauka a Ikko tun muna fama da zafin bazara a nan. Kada ku bar gida ba tampol mai kyau, ko da sama fes take. Albasar Aliero tana son iska: in kun lulluɓe ta ruf cikin wannan gumi, kafin Mil 12 ta fara wari. Wake da masara kuwa ruwa ne abokin gabarsu. Shanu a zuba musu yashi da ciyawa a ƙasa don kada su zame, a bar musu wurin tsayawa, a duba su duk inda aka tsaya. Sa guda da aka cusa don kwaɗayin kuɗin mota shi ke jawo a yanka biyu a gefen titi. Kuma don Allah ku daina ɗora mutane a saman shanu. A watan Satumba na 2024, a hanyar Agaie, tankar mai ta yi karo da motar da ta ɗauko shanu da fasinjoji, fiye da mutum 40 suka ƙone.

Ruwan sama ma yana cin hanyar kanta. Gadar Tatabu ta karye a watan Yuni na 2017, motoci suka yi kwanaki a jere. Ambaliyar Mokwa ta 29 ga Mayu 2025 kuwa kowa ya ji irin rayukan da ta ci. Aikin jagaba yanzu a waya yake. Kafin ku bar Kwantagora, a kira wanda ya fito daga kudu yau, a ji yadda ya baro hanya, ta fuskar ruwa da ta fuskar ɓarayi. Inda aka ce kada a bi da dare, a kwana.

Abu na uku, zango. Fatake ba su raina shi ba, don sun san sauri ya haifi nawa. Ku yanke wuraren kwananku tun daga gida, ko Mokwa, ko Oko-Olowo a Ilori, ko Ogere a kan titin Badun zuwa Ikko. Barci bashi ne, ƙwaya ba ta biyan sa, sai dai ta ɗaga ranar biya, kuma sau da yawa a kan gangara yake zuwa karɓa. Na binne abokai biyu da ba giya ce ta kashe su ba, tiramol ne da taurin kai. Ku riƙe gidan sauro a mota. Sauron Kurmi ba ya hutun rani, kuma direban da zazzaɓi ke kaɗawa bai fi mai maye iya riƙe sitiyari ba.

Abu na huɗu, harshe. Daga Ogbomosho zuwa gaba za ku sha tsayawa: mai kaki, mai rasit, mai sanda da ƙusa. Takardunku su cika, kuma mutum ɗaya ya yi magana da bakin kowa, kamar yadda a zamanin fatake madugu kaɗai ke zama da sarkin gari a kan kuɗin fito. Yaron mota ya kama bakinsa. Ku tuna ku baƙi ne. An kafa unguwar Sabo a Badun tun 1916, kuma abin da ya zaunar da ita shi ne amana tsakanin fatake da masu masaukinsu. Rikicin kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021 daga 'yar cacar baki ya tashi, ya ci rayuka da rumfuna, har aka yi kwanaki ba a kai abinci kudu ba. Ku koyi gaisuwa da Yarabanci. Mu mutanen Zuru ba baƙon abu ba ne gare mu, tun muna yara muke gaisawa da Dakarci da Hausa da Fillanci a kasuwa guda.

In kun sauke a Agege ko kun shiga layin Apapa neman lodin dawowa, ku sani iskar teku gishiri gare ta, tana cin ƙarfe a ɓoye. Da kun dawo, a wanke ƙarƙashin mota, a duba birki, a sa giris. Yaran da suka ga teku karon farko kuma a ja musu kunne. Wanda ya iya iyo a rafin garinsu bai san igiyar ruwan da ke janye ƙafa daga ƙasa ba. A tsaya daga nesa a yi kallo, a ɗauki hoto a kawo wa iyali.

Ƙannena 'yan Golmo, masu noman neman aure, sun san cewa ba a barin gonar suruki sai kunyar kowa ta fita, mai ƙarfi ya juyo ya kama wa na baya. Abin da nake roƙonku ke nan a kan kwalta. In kun iso bakin gadar Jebba, da tafiya da dawowa, ku tsaya ku ƙirga motocinku. In biyar kuka taso kuka ga huɗu, kada kowa ya hau gadar.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.

Naku,
Wani tsohon direba, daga bakin tashar Zuru