HIRAR WATA: Tabar Habana da tabar Majiya

A wannan wata hirarmu a kan taba take.

Kwanan baya na sauka wani ƙauye cikin kwarin Majiya, a ƙasar Buza. Na iske wani saurayi ya komo daga bida a Abijan. Ya kawo wa kawunsa tsaraba, kara guda na taba. Kaurinta kamar babban yatsa, tsawonta ya kusa taƙi ɗaya. Ba takarda a jikinta, ganye ne zalla aka naɗe. Maigidan da yake wa aiki ne ya ba shi ita.

Ya ce: "Kawu, ga tabar manyan mutane. Tabar Habana ake ce mata."

Kawun ya ce: "Madalla ɗana, Allah shi yi maka albarka."

Dattijon nan tun yana yaro yake noman taba. Bai yi gaggawar kunnawa ba. Ya jujjuya ta, ya latsa, ya sansana. Ya ce ƙamshinta kamar na ƙasa ran ruwan farko, da ɗan warin fatar jima. Aka yanke bakinta da wuƙa, aka kunna da garwashi. Yaron ya ce: "Kawu, ba a kai hayaƙin ƙirji. A baki ake riƙe shi, a furzar."

Da farko dattijo ya ji yaji kamar na masoro. Da wuta ta kai tsakiya, yajin ya kwanta, sai ɗanɗano kamar na soyayyar gujiya da ɗan zaƙin dabino. Can ƙarshe ta yi ɗaci kamar goro. Tokarta fara, ta yi tsawo ba ta faɗi ba. Sai da aka yi kusan awa guda tana ci. Da ya tashi tsaye jiri ya ɗebe shi, ya koma ya zauna.

Ya ce: "Ganye dai ganye ne. Haƙuri aka fi mu."

Daga ina take?

Asalin taba daga nahiyar Amurka ne. Turawa sun fara ganin mutane na shan ta a tsibirin Kuba a shekarar 1492. Daga nan fatake suka watsa ta duniya, har ta iso ƙasar Hausa. Habana shi ne babban birnin Kuba. Ganyen da ya fi suna ana noma shi a lardin Pinar del Riyo. Har a gabashin Kamaru ana noma ganyen naɗi mai daraja.

Mi ya ba ta wannan ɗanɗano?

Na 1, ganyen da za a naɗe waje da shi, ƙarƙashin rumfar yadi ake noma shi, don ya yi laushi.

Na 2, ba a tsinke ganye rana ɗaya. Ana farawa daga ƙasa, a hau sama sannu sannu. Na ƙasa ya fi cin wuta, na sama ya fi ƙarfi.

Na 3, a inuwa ake shanya shi, cikin zaure mai iska, wajen kwana 50.

Na 4, ana jibge shi tsibi tsibi ya yi zufa. Ana juya tsibin kada ya ƙone. Zufar nan ita ke rage masa kaifi. Bayan haka a ajiye shi shekara guda ko fiye, sannan a naɗe da hannu.

Mi za mu koya?

Masu noman taba a Majiya da fadamun Madawa da Keita sun san rabin wannan aiki. Sun san yayyafa iri, da dashe, da karya kan taba don ganye ya yi faɗi. Inda ake asara shi ne wajen shanya. Wanda ya baza ganye a rana tsaka don ya riski kasuwa, ganyensa zai ƙone ya rumurmushe. Mai saye ya latsa, ya sansana, ya karya kuɗi. A shanya a inuwa, a kare shi daga ƙasa da raɓa.

Ga kuma gargaɗi 3. Taba tana cin ƙarfin ƙasa, sai da taki da hutu. Taba da tumatir da tattasai dangi ne, cutarsu ɗaya, kada a dasa wannan bayan wancan. Wanda ya taɓa taba ya wanke hannu da sabulu kafin ya shiga tumatir. Kuma kada a sa yara tsinkar ganye mai raɓa. Gubarsa na ratsa fata, ta kawo amai da jiri.

Sai dai fa...

Jirin da ya ɗebi dattijo ba banza ba ne. Cikin kowace taba akwai guba mai suna nikotin. Ita ke kama mutum ya kasa bari. Babban kara guda na irin tabar Habana yana iya ɗauke da ganye kamar na kwalin sigari sukutum. Rashin kai hayaƙi ƙirji bai tsirar da kowa ba, don baki da harshe da maƙogwaro suna sha. Haka mai lofe, haka mai gumtsa garin taba da kanwa ko toka, a gona ko a bayan garke. Duk suna iya kamuwa da ciwon daji na baki. Hukumar lafiya ta duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. A shekarar 2006 ƙasarmu Nijar ta yi dokar yaƙi da shan taba, wadda ta hana shan ta a wuraren taruwar jama'a. In kun ga miki a baki ya yi sati 2 bai warke ba, ku garzaya likita.

Da aka gama, dattijo ya tambayi kuɗinta. Yaron ya ce ya ji labari wata ta fi buhun hatsi tsada. Dattijo ya dubi tokar da ta rage a ƙasa, ya yi shiru. Can ya ce: "Ɗana, baɗi in za ka komo, ka kawo mini kuɗin. Irin albasa zan saya."

Ƴan uwa, magabata sun ce taba ta bambanta da garin gero. Mai fadama ya yi lissafi kafin ya yi dashe: kwanya nawa ta taba, nawa ta albasa, nawa ta abin miya. Ku aiko mana da ra'ayinku ta hannun malamin yaƙi da jahilci na garinku.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.