Ra'ayinmu: Wa Ya Ƙirga Kwalabe Miliyan Uku?

Babu malamin da ke buƙatar a gaya masa illar shaye-shaye. Muna ganin yaran da muka koya wa karatu da rubutu, bayan 'yan shekaru, suna layi a bakin titi idanu jajur. Tsoron da ke zukatan iyaye tsoro ne na gaskiya, mu ma iyaye ne. Amma saboda girman al'amarin ne ya wajaba mu tantance abin da ake faɗa mana a kansa.

A shekarar 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalabe fiye da miliyan uku na maganin tari mai kodin kowace rana a jihohin Kano da Jigawa. Jaridu da gidajen rediyo suka yi ta maimaita adadin har ya zama kamar karatun allo. Sai ga binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka fitar a farkon 2019: masu shan maganin tari ba don ciwo ba, a duk faɗin Nijeriya, kimanin miliyan 2.4 ne. Binciken ya kuma nuna cewa masu ta'ammali da ƙwayoyi a Arewa maso Yamma kashi 12 ne cikin 100, alhali a Kudu maso Yamma sun haura kashi 22. Wannan labari bai samu rabin yayatawar da na farko ya samu ba.

Haka manufofin gwamnati suke bin sawun kanun labarai. Iyaye da malamai sun shekara suna kuka a kan kodin, amma sai da BBC ta fitar da fim ɗin bincikenta a ƙarshen Afrilun 2018, washegari aka haramta sarrafa maganin da shigo da shi. Haramcin ya dace. To, ina aka tanadar wa wanda ya riga ya kamu? A Satumbar 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Irin waɗannan wurare iyaye ke kai 'ya'yansu idan sun rasa asibitin da za su iya biya.

Zuzuta adadi yana da hasara a cikin ajinmu. Yaron da ya gane an yi masa ƙari a magana ɗaya, zai yi watsi da sauran gargaɗin, har da na gaskiya a kan tiramol da sholisho. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

Don haka muna kira ga 'yan uwa malamai da iyalansu: kafin mu tura wani labari a WhatsApp ko mu karanta shi a taron iyaye da malamai, mu tambayi wanda ya ƙirga, da yaushe, da yadda ya ƙirga. Kada mu kori ɗalibi bisa zato. Mu kira iyayensa a asirce. Ga hukumomin ilimi kuwa, buƙatarmu ita ce a samar da malami mai horo kan ba da shawara a kowace makaranta, a kuma buɗe cibiyoyin jinya da talaka zai iya kai ɗansa ba tare da ya sayar da gona ba.