Kada jinin farko ya zo mata a ba-zata

Yawancin 'yan mata suna fara ganin jinin al'ada tsakanin shekara 10 zuwa 15, wato ƙarshen firamare ko farkon sakandare. Sau da yawa a aji yake riskar yarinya, cikin kayan makaranta, ta kasa tashi daga benci har a tashi, tana zaton wani mugun ciwo ne ya kama ta.

Kunya ce ke rufe bakin iyaye. A Islamiyya ana karantar da hukuncin haila da wankan tsarki, amma ba a nuna yadda ake sa audugar mata, balle a ce wa yarinya ɗan ciwon mara ba abin firgita ba ne. Wannan aikin gida ne, na uwa ko goggo ko yaya. Tun tana shekara 9 a zaunar da ita, a sa mata auduga biyu da ɗan kamfai da leda a jaka. In babu hali, ƙyalle mai tsabta da aka shanya a rana ya wadatar.

Makarantu kuma su tanadi banɗaki mai ƙofa da ruwa, da malama guda wadda ɗaliba za ta tunkara ba tsangwama. Iyaye mata, ku fara wannan hira yau.