A Ga Bakin Robar Kafin A Saki Magani

Ina ƙalubalantar wani sakaci da ake ɗauka ƙaramin abu: sakin maganin ciwon daji ta robar da aka zura a babbar jijiya, alhali ba a tabbatar da inda bakinta ya tsaya ba.

Magunguna irin su doksorubisin da binkiristin suna cin nama idan suka tsiyaye daga jijiya. Shi ya sa ake zura siririyar roba ta wuya, ko ta saman ƙirji, ko ta hannu, har bakinta ya sauka a ƙarshen babbar jijiyar da ke zuba jini cikin zuciya daga sama, inda yawan jini zai sirka maganin nan take. Sai dai roba ba ta da ido. Takan juya ta haura wuya, ko ta ratse cikin ƙaramar jijiya, a samu gudan jini ya toshe hanya. Idan ta zarce cikin zuciya, bugunta ya rikice, har takan huda bangonta. Idan kuwa ta ɓulla kogon da huhu yake, can maganin zai taru. Garin neman ƙiba an samo rama.

Masu kare gaggawa suna cewa layi ya yi tsawo, hoto kuma kuɗi ne. Ban karɓi wannan uzuri ba. Nawa ne kuɗin hoton ƙirji ɗaya a gaban tiyatar yanke ruɓaɓɓen nama, da makonnin da za a dakatar da magani ciwo yana ci gaba? Tun 2002 hukumar NICE ta Ingila ta ba da shawarar likita ya riƙa ganin jijiyar wuya da na'urar hoto ta sauti yayin huda ta. Bayan hudawa kuma, hoton ƙirji ko na'urar auna bugun zuciya na nuna inda bakin robar ya tsaya.

Dubawa sau ɗaya ma ba ta isa ba, domin tari mai ƙarfi ko amai, abokan tafiyar mai wannan jinya, suna iya gusar da robar da ta zauna daidai. Idan aka zuƙo jini bai dawo ba, ko majinyaci ya yi kukan zafi a wuya ko ƙirji, wajibi ne a tsaya a sake dubawa.

Majinyaci ya miƙa wuyansa ne bisa amana, ba ya ganin abin da ke cikin ƙirjinsa. Don haka nake kira da a mai da shi doka a kowane sashen jinyar ciwon daji: kada ɗigo ɗaya ya shiga sai an rubuta a katin majinyaci wanda ya ga bakin robar, da inda ya gan shi.