A Bar 'Ya'yanmu Mata Su Karanci Kifi, Ruwa Da Shari'a



A makon jiya na ba 'yan aji shida aikin rubutu, na ce kowa ya faɗi abin da yake so ya zama in ya girma. Kamar kullum, likitoci suka fi yawa, sai sojoji da matuƙa jirgin sama. Amma wata yarinya, 'yar masunta, ta rubuta cewa ita lauyar kifi za ta zama. Ina karanta wa aji sai dariya ta ɓarke, har wani yaro ya tambaye ta ko tarwaɗa ce za ta riƙa biyanta lada. Ni ma na yi murmushi. Da aka tashi na kira ta gefe, na ce, "Ke kuwa, me ya kawo wannan tunani?"

Ta ce, "Malama, bara da rani wani ya zuba maganin ƙwari a gulbin da Baba yake su." Da gari ya waye kifaye duk sun taso kan ruwa, ciki sama, manya da 'yan ƙanana. Aka kwashe aka kai kasuwa, wasu aka dafa a gida. Ƙannenta biyu suka kwana amai da gudawa. An kama wanda ake zargi, aka kai shi gaban dagaci, aka ce ina shaida? Ba wanda ya iya nuna abin da aka zuba a ruwan, ba kuma wanda ya san dokar da ta hana. Aka sallame shi. Wata uku uwarta ba ta hura wutar banda ba, ga shi da kuɗin bandar nan ake saya wa yarinyar littafi.

Tun daga ranar na daina ganin maganarta abin dariya. Yarinyar nan ta hango abin da mu manya muka kasa gani. Watau ruwanmu yana bukatar mutum mai ilmi iri uku a haɗe: wanda ya san kifi, ya san yadda ake kiyaye muhalli, ya kuma san doka. Ra'ayina shi ne, 'ya'yanmu mata sun cancanci shiga wannan aiki, kuma mu iyaye bai kamata mu tare musu hanya ba.

Me ya sa sai an haɗa ukun? Ku dubi shari'ar da na ba ku labari. Da akwai masanin kifi a wurin, da ya ɗebi ruwan a kwalba tun da safe, ya ɗauki mataccen kifi, ya kai ɗakin bincike a gano irin gubar. Da akwai masanin doka, da ya faɗa wa dagaci cewa tun shekarar 1992 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar kamun kifi a koguna da tafkuna, wadda ta hana su da guba, da nakiya, da wutar lantarki. Amma masani ba ya tsayawa gaban alƙali ya kare magana, lauya kuwa bai san karfasa da giwan ruwa ba sai a cikin miya. Tsakanin su biyun nan mai laifi yake sulalewa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Kada ku ɗauka wannan al'amarin ƙauye ɗaya ne. Ku dubi Tafkin Cadi. A shekarar 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980 ya tsuke har bai kai kashi ɗaya cikin goma na da ba, ko da yake a wasu shekarun ruwan yakan ɗan komo. Da ruwa ya ja baya, masuntanmu suka bi shi, suna kafa ƙauyuka a inda ya janye, har suka tsallaka iyaka ba su ankara ba. Ƙarshenta sai da magana ta kai Kotun Duniya da ke ƙasar Holan. A shekarar 2002 kotun ta yanke hukunci tsakanin Nijeriya da Kamaru, a 2003 kuma aka miƙa wa Kamaru ƙauyuka wajen talatin na yankin tafkin, har da Darak. Kun ga yadda neman kifi ya zama shari'ar ƙasa da ƙasa. Hukumar Tafkin Cadi, wadda Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka kafa a 1964, aikinta ke nan: rabon ruwa da tsara dokokin amfani da shi. Wa zai zauna ya yi magana a madadinmu a irin wannan majalisa, in ba wanda ya san ruwan ya kuma san doka ba?

Mu komo kusa da gida. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Sun ba Kano ruwan sha da noman rani, ba mai musu. Amma ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru kowace damina ta ragu, a cikin wannan ambaliya kuwa kifi yake hayayyafa. Ga kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Manomi yana son ruwa, makiyayi yana so, masunci yana so, kowa da gaskiyarsa. Akwai dokar 1992 da ta ce kafin a gina babban aiki irin madatsa sai an auna illar da zai yi wa muhalli. Tafkin Nguru ma yana cikin wuraren da duniya ta amince a kiyaye, a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971. Dokoki kam akwai su a takarda. Masu tsayawa a kansu ne suka yi ƙaranci.

Wata za ta ce, "Malama, ai su aikin maza ne." Gaskiya ne, maza ke shiga kwalekwale su jefa taru. To, amma in kifi ya iso gaci, hannun wa yake faɗawa? Wa ke fede shi, ta wanke, ta yi banda, ta soya, ta aika kasuwa? Wa ke tsayawa gaban tukunya tana lissafin yadda ɗan kifi guda zai ishi yara bakwai? Mace ce take fara gane cewa kifin bana bai kai na bara girma ba. Kuma a garuruwanmu akwai gidajen da namiji baƙo ba zai shiga ba, jami'a mace kuwa sai ta yi sallama ta zauna kan tabarma, ta ji abin da ke damun masu banda, ta koya musu gane kifin da guba ta kashe.

Wata kuma za ta ce wannan baƙon abu ne na Turawa. Ko kusa. Kakanninmu suna da Sarkin Ruwa, wanda ke faɗin ranar da za a shiga su da ranar da za a bari. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, akan hana su a Matan Fada sai lokacin biki ya zo, shi ya sa ake fito da giwan ruwa mai nauyin mutum. Wannan ai doka ce, kuma kiyaye muhalli ne. Abin da ya canja shi ne, yanzu akwai maganin ƙwari da taru mai ƙananan idanu kamar gidan sauro, wanda ke kwashe har 'ya'yan kifi, kuma bakin Sarkin Ruwa shi kaɗai bai isa ba.

To, 'yan makaranta, ga hanya. A sakandare ki riƙe ilmin halittu, da ilmin haɗa magunguna, da aikin gona, da lissafi. Kada ki yi wasa da Turanci, domin da shi ake rubuta doka. Daga nan akwai kwalejin Gwamnatin Tarayya ta koyon aikin kifi a Sabuwar Busa, Jihar Neja, kusa da Tafkin Kainji, inda ake yin difloma cikin shekara biyu. A garin ne kuma cibiyar binciken kifin koguna da tafkuna take. Jami'o'i da dama suna ba da digiri a kan kifi. Wadda ta gama tana iya kama aiki a ma'aikatar gona ko ta muhalli, sa'an nan ta koma ta karanci shari'a. Wata kuma tana iya farawa da shari'ar, shekara biyar a jami'a da shekara ɗaya a Makarantar Horon Lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, daga baya ta ƙware a dokokin muhalli.

Ba zan ɓoye muku ba, hanyar tana da tsawo, tana kuma cin kuɗi. Na san abin da ke ran uwa: yaushe za ta yi aure? Amma karatun nan hawa-hawa ne, kowane mataki da takardarsa da aikinsa, ba sai an yi shi a numfashi ɗaya ba. Ni da ke wannan rubutu a takardar malanta mai daraja ta biyu na tsaya, kuma na ga matan aure da goyo a baya suna zana jarrabawa suna ci. Abin da ake bukata shi ne a yi maganar karatu a fili tun wajen neman aure, a sami yardar miji da ta iyaye.

Saboda haka ina kira ga iyaye mata, in 'yarki ta zo miki da irin wannan buri, kada ki ce mata ƙarnin kifi za ta kwaso. Ina roƙon mazajenmu su ba da goyon baya. Ku kuma 'yan'uwana malamai, mu riƙa kai yara bakin gulbi su ga abin da muke karanta musu a allo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yarinyar nan tawa na mayar mata da takardarta, na rubuta "Da kyau" a ƙasa da jan biro. Ta ce in roƙi babanta ya bar ta ta wuce sakandare. Ranar Asabar in Allah ya yarda zan je gidansu. Ku taya mu da addu'a.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba su ilmi mai amfani, amin. Sai wani makon.