A Auna Ruwa Da Ƙasa Tun Kafin A Haƙa Kabari

Arzikin ƙarƙashin ƙasa ya sake jawo hankalin duniya zuwa Jihar Nasarawa. A watan Mayu na 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa ma'adinin lithium a ƙaramar hukumar Nasarawa, wadda ba ta da nisa da Keffi, kuma matasa suna ta kwarara zuwa ramukan haƙa. Wannan abin murna ne, amma ido ba ya iya tantance abin da ke cikin dutse da ƙurarsa. Sai awo.

Ƙasar nan ta riga ta ga aya. A 2010 gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, domin ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙura tana sauka inda jarirai ke rarrafe. Ba hukuma ce ta fara ganowa ba, likitocin agaji na MSF ne suka lura da yawan sababbin kaburbura. A 2015 irin wannan masifa ta ci yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Ba doka aka rasa ba. Doka ta 86 ta 1992 ta wajabta binciken illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, kuma an kafa hukumar NESREA a 2007 don ta tilasta bin ƙa'ida. Abin da ya rage shi ne aiki.

Saboda haka wajibi ne Gwamnatin Tarayya da ta Jiha su riƙa auna ruwan rijiyoyi, da ƙasar gonaki, da jinin yara a duk ƙauyen da ake haƙa. Keffi tana da Jami'ar Jiha da Cibiyar Lafiya ta Tarayya. A ba su kayan aiki da kuɗi. Sakamakon kuwa kada a kulle shi a ofis. A karanta shi a rediyo da harshen da talaka ke ji.

'Yan Arewa mazauna Agege da Sabon Ibadan da Fatakwal su ma suna da nasu nauyi. Su aika gida cewa kada a niƙa dutse a tsakar gida, kada a kai yaro bakin rami. Ƙungiyoyinsu kuma su tambayi wakilansu a majalisa ranar da za a fara awon. In gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, mai hankali ruwa yake shafa wa nasa.