Duba Ne, Ko da Kwamfuta Aka Yi Shi

A Indiya da Taiwan da ƙasar Sin akwai wata sana'a da kasuwarta ke ci. Iyaye su kai yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, a ɗora yatsunsa goma kan na'ura, a miƙo musu rahoto mai ado da ke fayyace wai irin ƙwaƙwalwarsa da dalilin rashin natsuwarsa. DMIT ake kiran gwajin. Jama'a sun rungume shi don ya sha rigar kimiyya. Ni dai ban ga abin da ya raba shi da ɗan duba mai karanta tafin hannu ba, sai tsada.

Ba a rasa ƙwayar gaskiya a hujjar masu gwajin ba. Zanen yatsa yana samuwa tun ɗa yana ciki, tsakanin wata na uku da na biyar, kuma fata da ƙwaƙwalwa tushensu ɗaya. Kusan rabin masu larurar Down suna da layi guda da ya ratsa tafin hannu. To amma mutane da yawa masu cikakkiyar lafiya suna da wannan layin, shi ya sa babu likitan da zai yanke hukunci da shi. Bincike-binciken da aka yi kan zanen yatsun yara masu larurar rashin natsuwa, wato ADHD, kuwa ƙanana ne, kuma iyakar abin da sukan gano shi ne ɗan bambanci tsakanin taron yara da wani taron. Wannan ba zai gaya wa uwa komai game da ɗanta ba.

Tun 1892 Francis Galton na Ingila, wanda ya fi kowa ƙwallafa rai a kan zanen yatsa, ya nemi alamar basira a cikinsa bai samu ba. A 2019 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Indiya ta ce gwajin ba shi da madogara a kimiyya.

Gano larurar ADHD aiki ne mai cin lokaci. Sai an tambayi iyaye da malamai, an tabbatar alamun sun kai wata shida, sun fara kafin shekara 12, kuma suna bayyana a gida da makaranta. Sai an auna ji da gani, an bincika barci, an kore farfaɗiya irin wadda ke ɗauke hankalin yaro na ɗan lokaci. Yaron da matsalarsa kunne ce, in aka sallame shi da rahoton yatsu, haka zai koma aji ya ci gaba da shan bulala a kan maganar da bai ji ba.